Sharhi a kan shirin kwantar da hankalin ɗalibai da aka gudanar a makarantarmu

Tun da labari ya bazu cewa wata ƙungiya mai zaman kanta ta shafe zangon karatu biyu tana aiki a makarantarmu a kan yaran da tashin hankali ya taɓa, shugabannin makarantu da 'yan kwamitin iyaye da dama suke tare ni, wasu a ofishin sakataren ilimi, wasu a bakin masallaci, suna tambayar ko abin ya cancanci a buɗe masa ƙofa. Amsar da nake ba su a tsaye takan zo a gajarce, alhali maganar ta zama ce, shi ya sa na ga ya fi dacewa in rubuta abin da na gani dalla-dalla. Ba zan ambaci sunan ƙungiyar ba, haka nan sunan makarantar, domin yaran da zan yi magana a kansu suna nan cikin gari tare da iyayensu, kuma rufa musu asiri ya fi duk wani amfanin da faɗin suna zai kawo.

Makarantarmu firamare ce ta gwamnati a wani gari na shiyyar Funtuwa, ni ne mataimakin shugabanta, kuma ni ke riƙe da aji biyar. A cikin 'yan shekarun nan rajistarmu ta cika da sunayen yaran da iyayensu suka baro ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume saboda 'yan bindiga, suka raɓe a gidajen 'yan uwa ko a kangayen da ba a gama ginawa ba. Kowa a ƙasar nan ya san daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara aka sako 344 bayan kwana shida, an kuma san Jangebe a 2021 da Kuriga a 2024. Yaran ajina ba sa cikin waɗanda aka faɗi labarinsu a rediyo. Wani ya kwana a cikin gonar dawa yana jin harbi har asuba, wata ta ga an kora shanun gidansu an haɗa da mahaifinta, wani kuwa bai ga komai da idonsa ba, amma ya yi watanni yana kallon mahaifiyarsa tana sayar da abin da ta mallaka ɗaya bayan ɗaya don a haɗa kuɗin fansa.

Kafin zuwan shirin muna ganin alamun, sai dai sunayen da muka gada ne kawai muke kiran su da su. Yaron da ya kifa kai ya yi barci tun kafin tara malalaci ne, wanda ya shaƙe ɗan uwansa a kan fensir fitinanne ne, wanda ya zuba wa allo ido aka kira sunansa sau uku bai amsa ba daƙiƙi ne, yarinyar da ta faɗi ta sandare kuwa sai a ce iska ce ta taɓa ta. Maganin ukun farko bulala, ta huɗun kuma a raka ta gida. Ina faɗin wannan da nauyin zuciya, domin hannuna yana ciki.

Abin da ƙungiyar ta kawo shi ne horon kwana biyar ga dukkan malamai a lokacin hutu, sai ziyarar ma'aikata biyu sau ɗaya a mako har ƙarshen zango na biyu, da akwatin kayan wasa da na zane, da zama da iyaye, da alƙawarin tura duk yaron da lamarinsa ya fi ƙarfinmu zuwa ga ƙwararru. Makaranta ba ta biya ko kwabo ba, mu ne ma aka ba kuɗin mota da abincin rana a kwanakin horon. Amma kada wani shugaban makaranta ya ɗauka abin kyauta ne ɗungurungum, domin da lokaci ake biyansa, kuma malamin da ke koyar da darussa bakwai a rana ya san tsadar minti goma.

Kwana biyun farko na horon su ne mafi daraja a cikin duk abin da aka ba mu, kuma hakan ya samu ne saboda wadda ta jagorance su. Mace ce da ta karanci ilimin halayyar ɗan Adam, Hausa a bakinta kamar kowannenmu, daga baya ma yara suka riƙa kiran ta Anti. Ta bayyana mana cewa a cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da aikinsa gadi ne, da zarar ya hango haɗari sai ya sa jiki ya saki sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarta, mutum ya shirya faɗa ko gudu, ko kuma ya daskare wuri ɗaya. A daidai wannan lokacin sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda da shi ake tunani da lissafi da riƙe abin da aka koya, yakan ja baya. Wannan tsari baiwa ce da Allah Ya yi wa bawa don ya tsira, matsalar kawai ita ce yaron da ya daɗe a cikin fargaba mai gadin nasa ba ya komawa ya zauna ko bayan haɗarin ya wuce, sai ya riƙa tashi a kan ƙarar babur, ko tsawar malami, ko ƙofar da iska ta buga. Tana cikin wannan bayanin wani dattijon malami ya ce ai wannan shi ne wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Ta ce masa, “Baba, ka taƙaita min aikin yini guda,” ta rubuta karin maganar a saman allo, ta bar shi nan har ƙarshen horon. Daga wannan ranar na fahimci cewa yaron da nake duka don ya kasa jimlar lamba biyu yana zaune ne a gabana da jikin da ke shirin gudu, kuma kowace bulala ƙara tabbatar wa jikin nan take yi cewa lallai akwai abin gudu.

Inda horon ya ɗan yi mana nisa shi ne lokacin da aka shiga binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi tare da wata cibiyar kiwon lafiya mai suna Kaiser Permanente a kan mutane fiye da 17,000 a birnin San Diyego, wanda aka fara buga sakamakonsa a 1998. Binciken ya nuna cewa gwargwadon yawan cin zarafi da rashin kulawa da rikicin gida da mutum ya haɗu da su yana ƙarami, gwargwadon ƙaruwar haɗarin ciwon zuciya da ciwon damuwa da shaye-shaye idan ya girma. Aiki ne mai muhimmanci, amma jerin abubuwa goma da aka san shi da su babu harin dare a ciki, babu gudun hijira, babu jiran wanda ke hannun 'yan bindiga, kuma waɗannan su ne abin da ke gabanmu. Na kuma lura ya sanyaya wa wasu malamai gwiwa, har ɗaya ya ce ke nan yaran nan sun riga sun lalace. Anti ta gyara wannan da alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a yankunan rikici ne ke fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, ta ce mu lura da sauran huɗun, domin yawancin yara suna farfaɗowa idan suka sami zaman lafiya da babba ɗaya da suka amince da shi. Da da wannan aka fara, da ya fi.

Ƙa'idar da ta fi ba ni wahalar karɓa ita ce ta hana matsa wa yaro ya ba da labarin abin da ya same shi. Na taso a kan cewa abin da ke ciki idan aka amayar da shi sai a sami sauƙi, kuma na sha zaunar da sabon ɗalibi in ce ya faɗa min yadda aka yi a garinsu, ina ganin tausayi nake nunawa. Aka nuna mana cewa jagoran taimakon farko ga wanda ya shiga tashin hankali, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da abokan aikinta a 2011, ya tsaya ne a kan abu uku, wato a duba halin da mutum yake ciki, a saurare shi idan ya so magana, a haɗa shi da inda zai sami taimako, kuma ya yi gargaɗi a kan tilasta wa mutum maimaita abin da ya gani. Yaron da aka sa ya buɗe labarin a gaban aji, aka buga ƙararrawa malami ya fita, shi ake bari da abin a buɗe har dare. A nan ma'aikatan sun tsaya tsayin daka, har da ranar da wasu baƙi suka zo suna neman yaran da za su yi musu bayani a gaban kyamara, suka hana cikin ladabi, kuma wannan ya ƙara musu ƙima a idona ƙwarai.

Abubuwan da aka koya mana mu yi a cikin aji ƙanana ne, har da farko na raina su. Malami ya tsaya a bakin ƙofa da safe ya gaida yara da sunayensu. A rubuta jerin darussan yini a gefen allo, a bi shi yadda yake, idan kuma za a sauya a sanar tun da wuri, domin yaron da rayuwa ta zo masa ba zato yana samun natsuwa idan ya san abin da ke tafe. A bar wanda ke yawan waige ya zauna inda yake ganin ƙofa, maimakon a tura shi lungu. Ƙararrawarmu tsohon wilin mota ne da aka rataye a darbejiyar da ke gaban aji uku, ana buga shi da guntun ƙarfe, kuma sai da namijin cikin ma'aikatan ƙungiyar biyu ya ce in tsaya a cikin ajin in kalli fuskokin yara lokacin da za a buga, sannan na ga yadda wasu ke zabura, ɗaya har ya shige ƙarƙashin benci. Shekara da shekaru ina jin ƙarar nan daga ofis ban taɓa ganin abin da take yi ba. Muka mayar da wilin bayan makaranta, muka sa monita ya riƙa sanar da aji minti biyu kafin a buga.

Sai darasin numfashi, wanda a littafinsu aka ce yaro ya yi kamar yana shinshinar fure yana hura kyandir ɗin bikin haihuwa. Yaranmu ba su san wannan kyandir ɗin ba, sai wata malama ta mayar da shi shaƙar ƙamshin ƙosai da hura koko mai zafi a hankali don kada ya zube, nan take kuwa ya karɓu. Hikimar ita ce fitar da numfashi a hankali, ya fi shigarsa tsawo, yana rage bugun zuciya, kuma minti biyu na wannan bayan an dawo daga tara sun fi min tsawar da na saba yi amfani. Haka wasanni: ƙwallo da igiyar tsalle na cikin akwati sun yi aiki, amma langa da gaɗa da 'yar gala-gala da tatsuniyar ƙarshen mako su ne suka fi jawo yaran ƙauye cikin 'yan gari, saboda a nan ne suka fi su iyawa, kuma yaron da aka saba kira ɗan gudun hijira yana buƙatar fagen da za a tafa masa.

Littafin jagoran malami shi ne kaya mafi rauni a cikin akwatin. An rubuta shi da Turanci aka fassara wani ɓangare zuwa Hausa, fassarar kuma ta bi kalma da kalma, har wasu shafukan sai ka koma na Turancin kafin ka gane abin da ake nufi. Yawancin ayyukan cikinsa an tsara su ne ga aji mai yara talatin da fili a tsakiya, ana cewa a zauna a da'ira kowa ya faɗi yadda yake ji, ni kuwa ajina ya haura casa'in, rabinsu a ƙasa suke zaune. Akwai kuma katunan fuskoki masu dariya da kuka da fushi da ake so yaro ya nuna wadda ta yi daidai da zuciyarsa. Ɗan Bahaushe da aka yi wa tarbiyyar kunya, idan babba ya tambaye shi yaya yake, amsarsa lafiya lau ce ko da ya kwana yana kuka, saboda haka kusan kowa fuskar dariya yake nunawa. Abin da ya yi mana aiki shi ne tambaya ta hanyar jiki: yaya barcin jiya, ciki yana ciwo, kai fa? Ta nan ne mugun mafarki da fitsarin kwance da faɗuwar gaba suke fitowa. Ma'aikatan sun karɓi waɗannan gyare-gyaren da hannu biyu, amma aikin gyaran a kanmu ya faɗa, kuma makarantar da malamanta ba su da wannan himmar akwatin kawai za ta rufe ta ajiye a sito.

Batun bulala ya ɗauki zama fiye da ɗaya, an kuma ɗaga murya. Wasu malamai sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma su ma da bulala aka yi su. Ma'aikatan ba su ci fuskar kowa ba, sun tuna mana da manufar ƙasa ta 2021 a kan tsaron makarantu da kawar da cin zarafi a cikinsu, sannan suka ba mu abin da za mu yi a madadin duka, kamar a raba masu faɗa a bar su su huce kafin a yi shari'a, wanda ya ɓata abu kuma ya gyara shi da hannunsa. Amma abin da ya karya gardamar daga bakin malaminmu na addini ya fito. Ya kawo hadisin Anas a kan ƙaninsa Abu Umair, yaro ƙarami da ɗan tsuntsunsa ya mutu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lura da damuwarsa ya tsaya yana tambayarsa labarin tsuntsun. Ya kuma kawo hawayen da ya zubar a rasuwar ɗansa Ibrahim, inda ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Malamin ya ce idan har an tsaya wa yaro a kan tsuntsu, ina ga wanda ya rasa uba, kuma haƙurin da muke ce wa yara su yi bai hana kuka ba, mu ne muka mayar da kalmar abin rufe musu baki. Abin mamaki shi ne shirin da aka kawo ƙasar Hausa bai zo da ko shafi ɗaya a kan wannan ba, da farko ma ma'aikatan kamar suna ɗari-ɗari da shigar da addini. Daga baya suka nemi limamin unguwa da kansu, kuma shi ya gamsar da iyaye cewa addu'a da tofi ba su hana a kai yaro asibiti ba. Gaskiyar magana bulala ba ta bar makarantarmu gaba ɗaya ba, amma ta ragu ƙwarai, kuma malamin da ya ɗauke ta yanzu yakan ji nauyin idon 'yan uwansa.

Zaman farko da iyaye bai yi armashi ba, laifin kuwa na kalma ɗaya ne. Takardar gayyata ta ce za a tattauna lafiyar ƙwaƙwalwar yara, a kunnen mutanenmu kuma wannan hauka ake nufi, babu uwar da za ta zo ta zauna a taron da za a ce 'yarta tana da taɓin hankali, ga maganar aure tana jira nan gaba. Da aka sauya zuwa kwanciyar hankalin yara, aka mayar da zaman mata gidan mai unguwa bayan la'asar, sai ga tsakar gida ta cika. Irin wannan ya faru da wurin ganawa da Anti, domin ba mu da ɗaki sai sito, kuma cikin mako biyu yara suka raɗa masa ɗakin mahaukata. Sai da aka tsara kowane ɗalibi ya riƙa shiga bi da bi don zane da karatu, sannan wanda ke da buƙata ta gaske ya iya shiga ba a nuna shi da yatsa ba. Ƙungiyar da ta saba aiki a yankinmu ya kamata ta hango waɗannan tun kafin su faru.

A ranar ƙarshe ta horo an zana mana tsani mai hawa huɗu da ƙungiyoyin agaji na duniya suka amince da shi tun 2007: a ƙasa tsaro da abinci da matsuguni, sai taimakon dangi da al'umma, sai taimakon mutanen da aka horar irinmu, a can sama kuma likitoci. Shirin ya yi ƙarfi a hawa biyun tsakiya, ya bar na ƙasa da na sama. Yaron da ya fito gida bai karya ba, wanda tun da aka dakatar da ciyarwar gwamnatin tarayya a Janairun 2024 ƙannensa na aji ɗaya zuwa uku ma ba sa samun komai a makaranta, idan ka ce ya yi kamar yana hura koko, kokon gaske yake tunawa. Ban ce aikin ƙungiyar ne ta ciyar da gari ba, amma ya kamata ta zo a haɗe da masu wannan aikin.

Hawa na sama shi ne inda na fi jin zafi, saboda wata yarinya ta ajina. Tun da ta zo ba ta magana sai da kai, takan faɗi ta sandare, kuma kakarta ce ke riƙe da ita, domin iyayen duka babu. Anti ta gane tun a makonnin farko cewa lamarin ya wuce numfashi da wasa, ta cike takardar turawa, ta zauna da tsohuwar ta yi mata bayani har ta yarda. Sai aka zo kan kuɗin mota da na magani, ya bayyana cewa shirin ba shi da kason wannan. Tsohuwar ta dube ni ta ce, “Malam, ni da nake surfe in ciyar da ita, ina na ga kuɗin zuwa Zariya?” Ban sami abin ce mata ba sai, “Inna, ki ba mu kwana biyu.” Daga yankinmu, mai neman ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa yakan nufi asibitin koyarwa na Shika ne, ko na Barnawa a Kaduna, ko Dawanau a Kano, a ƙasar da irin waɗannan likitoci ba su kai 300 ba ga mutane fiye da miliyan 200. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu, wadda aka sanar a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba marar lafiya haƙƙoƙi masu kyau, amma mai kai yarinyar tasha ya biya mata mota har yanzu aljihun wani ne. Malamai muka yi karo-karo aka je sau biyu, likita ya duba ta da kyau ya ba da magani ya sa ranar dawowa, kuma faɗuwar ta ragu. Abin da nake riƙe da shi a kan shirin shi ne an yi wa iyaye alƙawarin turawa a bainar jama'a ba tare da an faɗa musu inda alƙawarin ya tsaya ba, kuma mu da muke zaune a garin ne suke tarewa su tambaya.

Damuwar su kansu malamai ma rabin yini kacal aka ba ta a cikin kwana biyar, alhali a cikinmu akwai wanda aka sace ƙaninsa ya sayar da gonar gado ya karɓo shi, akwai wadda ba ta ƙara kwana a garinsu ba tun da aka kai hari. Mutumin da nasa mai gadin bai kwanta ba, da wuya ya kwantar da na yara casa'in. Zaman da muka ƙirƙira wa kanmu duk ranar Alhamis bayan an tashi, mu sha shayi mu yi maganar abin da ya dame mu, ya cike wani gurbin, kuma ina ganin wajibi ne ya zama cikin tsarin tun asali. Takardun cikewa kuwa sun yi yawa, wasu ma suna neman sunan yaro da abin da ya same shi a shafi ɗaya. Na ƙi amincewa sai da aka mayar da su lamba aka samo akwati mai makulli, na kuma hana ɗaukar hoton fuskar kowane yaro, kuma a kan duka biyun ba su ja da ni ba.

Yanzu zango guda ke nan da motarsu ta daina zuwa. Fentin zane ya ƙare, ƙwallo ta fashe, amma gaisuwar bakin ƙofa da jerin darussa a gefen allo da hura koko bayan tara suna nan a yawancin azuzuwa, faɗan lokacin tara ya ragu, kuma rajistata ta nuna cewa wasu yaran da ke ɓacewa kwana uku a mako sun koma zuwa kusan kullum. Yaron nan da ya shige ƙarƙashin benci shi ne yanzu ke zagayawa yana sanar da azuzuwa kafin a buga ƙararrawa. Saboda haka duk shugaban makarantar da ya tambaye ni, ina ce masa ya karɓa, musamman idan an tabbatar masa da cewa mai horarwar tana jin Hausa kuma za ta riƙa dawowa aji, domin horon kwana biyar da babu bibiya a bayansa bita ce kawai irin waɗanda muka saba zuwa. Kafin ya sa hannu, ya nemi ganin littafin malami ya gwada shi da yawan yaran ajinsa, ya sa malamin addini da limami da shugabar mata a zaman farko, ya kuma tsaya sai an rubuta a takardar yarjejeniya wanda zai biya mota da magani idan an tura yaro asibiti, da kuma har zuwa yaushe. Mu ba mu yi wannan tambayar ba sai da yarinyar take gabanmu. Ranar komawarta asibiti tana cikin watan gobe, kuma a zaman ƙungiyar iyaye da malamai na makon jiya an amince a ware kuɗin tafiyar daga asusu, malama ɗaya kuma za ta raka su ita da kakarta.